Baƙon da Ke Auna Ganyen Alayyahu

Mai alayyahu ta ƙirga, rumfa bakwai baƙon nan ya tsaya, ko'ina dami ɗaya yake ɗauka. Takalminsa duk laka, amma farcensa tsaf. Ga shi yanzu tsugune a gabanta, yana auna ganye da rula.

"Mama, naki daban yake. In muka haɗa shi da wani iri, zai fi yawan ganye, ya fi gina jiki."

"Malam, miya za ka yi ko lissafi?"

Irin mahaifiyarta ne, shekara talatin ba ta ba kowa ba. Wa ya sani ko gobe a leda zai dawo yana sayar mata? Sai da ta tsinke kawuna ukun da suka yi ƙwaya, sannan ta miƙa masa damin.