Mai Wushirya Ta Dawo Babu Wushirya

Gwaggona, ƙanwar babana, shekara ashirin da uku tana sharar gidan sinimar da ke bene na biyu a babban kantin unguwarmu, kuma a duk shekarun nan ban san mutum ɗaya da ta yarda da shi har zuci ba. Ma'aikata Kwastam suke kiranta, a bayan idonta dai, don in ka wuce ta gabanta da jaka sai ta bi jakar da kallo har ka fara zargin kanka. Ita ta samo mini aikin sayar da tikiti a wurin, amma wata uku cur tana leƙo ni ta gilashi, wai ko ina gyangyaɗi. Ni fa 'yar yayanta ce.

Aikinta na minti goma sha biyar ne tsakanin fim da fim. Fitila na kamawa za ta shiga da tsintsiya mai sanda da baƙar leda, ta fara daga layin sama ta gangaro. Da abin da mutane suka bari take yanke musu hukunci. Gugguru a warwatse, yara ne ko masu halin yara. Cingam a ƙarƙashin kujera, ba tarbiyya tun daga gida. In ta tsinci waya kuwa, sai mai ita ya faɗi kalar murfin da hoton da ke kai kafin ya karɓa, ko da yanzun nan ta ga ya tashi daga kujerar. Ta yi aure sau ɗaya, mijin ya rasu, ta dawo ɗakin da ke bayan gidanmu, ta sa wa ƙofar kwaɗo biyu.

In ka ce mata wannan zargi ya yi yawa, labari ɗaya take da shi, kuma babu wanda bai haddace shi ba, har mai gadi. Tana da shekara goma sha ɗaya tana da ƙawa, 'yar maƙwabtansu, ana ce mata Mai Wushirya. Kwano ɗaya suke ci, benci ɗaya a makaranta, in aka daki ɗaya su biyu ke kuka. Aka yi wa uban yarinyar canjin wurin aiki, suka kwashe kaya, ko sallama. Gwaggo ta fito ta tarar da ƙofa a garƙame. Sai ta rufe labarin da cewa wadda suke cin kwano ɗaya ta yi mata haka, balle mu da albashi ya haɗa.

To, bara aka kawo wani fim na yara biyu maza masu keke ɗaya. Ɗayan ya kwanta ciwo ya rasu, ɗayan ya ci gaba da tura keken a hannu ya kasa hawa. Shi ke nan fa labarin, amma sai ka ce an yi wa garin asiri. Wani mai ƙaton tumbi ya fito yana sharɓe har da majina, matarsa na tafiya nesa da shi don kunya. 'Yan jami'a suka yi ta dariya da ƙarfi a wurin mutuwar, suka fito ido jajir kowa na cewa sanyin na'ura ne. Wani dattijo ya tsaya a tagata yana faɗa, wai in kira masa wanda ya ba da izinin kashe yaron. Mafi yawansu kuwa, suna sauka matakala waya na kunne, ana neman abokan firamare da aka shekara talatin ba a gaisa ba.

Ni kaina na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Gwaggo ko gezau. Leda biyu take cikawa da tishu kowane kallo, tana tsaki. Da farko cewa ta yi manaja ya sa wani abu mai yaji a na'urar sanyi don fim ya yi kasuwa, har ta je ta shinshina. Da ba ta ji komai ba ta koma cewa kukan da aka sayi tikiti aka yi ba kuka ba ne, kuma waɗannan masu buga waya, nan da Juma'a in abokin ya kira ba za su ɗauka ba.

A mako na uku, bayan kallon la'asar, wata mata ta ƙi tashi daga kujerarta. Dattijuwa ce sa'ar Gwaggo, da tabarau da jaka mai kyau. Na shiga kai wa Gwaggo sabuwar leda na tarar tana shara tana zagaye matar, jakar nan kuwa ta sha harara. Matar ta miƙe ta kira Gwaggo da wani suna da ban taɓa ji ba, sunan da kakarmu kaɗai ke kiranta da shi, in ji Baba daga baya. Ta ce ita ce Mai Wushirya. Jikarta ce ta matsa mata ta zo ta ga fim ɗin, tana zaune tana kuka tana tuna ƙawarta, fitila ta kama, sai ga tabon goshin nan da ta sani a gabanta.

Gwaggo ta jingina tsintsiya ta ce mata ta yi dariya. Matar ta yi murmushi. Haƙora reras, farare tas, ko allura ba za ta shiga tsakaninsu ba. Ta yi bayani cewa hatsarin mota ta yi shekara goma da suka wuce, na gaban duk na likita ne. Gwaggo ta dube ni, ni kuma, Allah ya yafe mini, na taɓe baki. Ai labarin nan kowa ya san shi, tun daga mai gadi har masu kawo lemo, kuma 'yan damfara yanzu da tabarau suke yawo. Abin da ke raina ke nan, kuma Gwaggo ta karanta shi a fuskata.

Sai ta yi mata tambaya ɗaya. Ranar da suka tashi daga unguwa, me ta yi?

"Na zo ƙofarku na yi ta kiranki," in ji matar. "Kin ƙi fitowa. Kina fushi da ni a kan matajinki da na karya."

Gwaggo ta yi wata dariya mara daɗi. Ta ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ita ƙawarta ko kallon ƙofarsu ba ta yi ba, kuma in fim ne ya kwashe baiwar Allah, to ta je ta nemi wata tsohuwar ta rungume, ita tana da layi shida ba ta share ba. Matar ta rubuta lambar waya a bayan tikitinta ta miƙa. Gwaggo ta karɓa da yatsa biyu, ta sake shi ƙasa a gaban idonta, ta haɗa da tishu da gugguru ta kwashe. Matar ta tsaya kaɗan, sannan ta gangara matakala a hankali tana dafa kujeru.

Kwana biyu Gwaggo na ba ma'aikata labarin yadda ta kama 'yar damfara. Ranar Lahadi da hantsi ta kawo shi gida. Baba na zaune a tsakar gida yana gyaran ƙafar kujera, tana yi tana kwaikwayon muryar matar, har ta zo kan mataji. Sai na ga Baba ya ajiye guduma.

Ya tambaye ta jan mataji ne mai haƙora manya? Wanda babansu ya sayo mata? Baba ya ce ai yarinyar ta zo. Shi ya buɗe mata ƙofa. Gwaggo na ƙarƙashin gadon mahaifiyarsu ta toshe kunne, ya je ya ja ƙafarta ta harbe shi, ta ce a ce wa mai karya kayan mutane ta tafi. Sai da yamma, da fushin ya sauka, ta fita ta tarar da ƙofar maƙwabtan a rufe, ta yi kwana uku tana zazzaɓi. Ya ce shekara da shekaru yana jin tana ba da labarin a juye, ya ɗauka ta sani, kunya ce ta sa take gyara shi, shi kuma ba ya son tone-tone.

"Ta daɗe a tsaye?" in ji Gwaggo. Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba.

"Har sai da ubanta ya zo ya ɗauke ta cak. Tana mota tana kiranki."

Ko mayafi ba ta gyara ba ta fita, na bi ta. Muka zagaya bayan kanti inda ake tara shara, amma motar ta kwashe tun Asabar. Duk da haka ta kwance ledojin da suka rage ɗaya bayan ɗaya, tana juya kowane tikiti. Tausayinta ya kama ni, haushin kaina ya fi, don da ban taɓe bakin nan ba wataƙila da ta sa takardar a aljihu.

Washegari ta je ofishin manaja, ita da ba ta taɓa roƙonsa komai ba, ta ce a ƙara wa fim ɗin mako guda, mutane na so. Mutane sun riga sun ƙoshi, zauren rabi ma ba ya cika, amma ya ƙara kwana huɗu don mamaki. Matar ba ta zo ba. An cire fim ɗin, an sa wani fim na faɗa da motoci.

Wata takwas ke nan. Gwaggo na nan da halinta, jiya ma ta tsare wani a kan laima. Sai dai yanzu tana gama shara da wuri ta zo ta tsaya kusa da tagata tana duban masu hawowa. Laraba ce ranar hutunta, kuma duk Talata kafin mu tashi sai ta maimaita mini saƙo ɗaya, kamar ban ji na makon jiya ba.

"In ta zo ba na nan, ki ba ta kujera, kada ki bari ta tafi. Ki ce mata ina fitowa."