Kwanon tuwon da na kai Kabo

Edita, a lokacin ni ɗan birni ne mai sayar da waya a Kano, babu muhawarar siyasar da ba na tsoma baki. Da Nijar ta ce ta fita daga ƙungiyar ƙasashen yankinmu, ni ne kan gaba wajen cewa su je su gani.

Sai na je suna Gwarzo, gidan kawuna. Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi da ke sauka gidan tun ba a haife ni ba, ya kawo dabino da kanwa, ya koma da masara. Baba muke ce masa. Muna cin tuwon rana a zaure, kwano ɗaya, yana ba da labarin yadda kaya ke yin kwanaki a boda, takardar jiya yau a ce ba ta aiki. Ni kuwa na ce ai su suka zaɓa, wanda ya fita ba ya dawowa cin tuwon gida. Wai wasa nake. Baba ya tsame hannu, ya wanke, ya yi godiya, ya ce zai leƙa wani aboki a Kabo. Har jakarsa ya ɗauka.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya sa aka rufe kwanon, ya miƙo mini, ya ce kar in sake taka gidansa sai da mai tuwon. Amincin shekara da shekaru ne na tsinka da baki.

A kan acaɓa na tafi, miya na zuba a wandona. Na same shi a rumfar masu hatsi, na durƙusa. Bai kunyata ni ba. Ya ce a can Nijar in ya yi kukan boda, a ce ya sayar da ƙasa. A nan kuma a ce ya fita. Bai zagi gwamnatinsu ba, bai zagi tamu ba. Ya ce, "Ɗana, hukuma ce ta fita. Ni uwata 'yar Kutama ce ta ƙasar Gwarzo, in fita in je ina?" Sannan ya buɗe kwanon, ya ce in wanke hannu.

Tuwon ya yi sanyi, amma tas muka cinye, muka koma tare.

Ban taɓa ganin haƙuri irin na mutumin nan ba. Mu masu danna waya, mu kula. Abin da muke yi wa ihu a guruf, wani a wuyansa yake ɗauke da shi, kuma wataƙila hannunsa na cikin kwanonka.