Tarwaɗar Kududdufin Bayan Unguwa

Da ƙanwata ta haihu, gida ta dawo wankan jego, nan Fadaman Mada. A shekarar nama ya gagari talaka. Mijinta tela ne mai zuciya, ya rantse matarsa ba za ta yi jego da miya lami ba. Sai ya sayi ƙugiya. Kullum da la'asar ya rufe shago ya nufi kududdufin bayan unguwa, ya dawo da tarwaɗa manya-manya suna motsi a bokiti.

A bakin kududdufin nan masu gyaran batir ke fasa tsofaffi, su narka dalmar ciki, su zubar da ruwan. Da damina duk can yake gangarawa. Mun gani da idonmu, wallahi mun gani, amma ba wanda ya kawo komai a ransa. Abin da ke ƙona mini rai ke nan har gobe.

Innarmu ke dafa farfesun. A gidanmu mai jego ake ba kai da hanta, wai su ke kawo ruwan nono. Mu sai jela da romo. In na yi mita Inna ta ce, "Ke, haihu tukuna ki ci kai!"

Kafin arba'in ƙanwata ta fara ciwon ciki, ta ɗashe, hannunta na rawa. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Yaron ya rage kama nono, sai kuka. Ran nan ya sanƙare a hannuna, idanunsa suka juye.

A asibiti aka ɗebi jininsu. Likita ta tambayi abin da mai jego ke ci, Inna ta zayyana mata da alfahari, har kai da hanta. Likitar ta ce, "Mama, gubar dalma ce. Kifin ya tara ta a jikinsa, 'yarki ta ci, jariri ya tsotsa."

Mijin ya sulale ya zauna a ƙasa.

Aka ba su magani, aka ce ƙanwata ta yawaita cin zogale da lemu da tumatir, suna taimakon jiki ya kare kansa. Inna ta tsige zogalen gidanmu ƙarƙaf, maƙwabta ma suka riƙa aiko da nasu. Ƙanwata ta murmure. Na tambayi likita ko hakan zai gyara ƙwaƙwalwar yaron, ta ce abincin rage ɓarna yake yi, ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace.

Yanzu sa'annin yaron sun yi sauka, wasu har suna tuƙa keke mai ƙafa uku. Shi yana zaure a zaune, yawu na zuba, uwarsa na share masa. Har yau bai taɓa kiranta Umma ba.