Randar da Baba Holmat Ya Binne

Duk ƙauyenmu na bayan garin Parkent babu wanda ya kai taubashina Ergash son jiki. Mutum ne da in ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya jira matarsa Zulhumar ta zo wucewa. Gonar inabin da yake taƙama da ita ma gumin ubansa ne, Baba Holmat, wanda duk kaka yake matsar jar giya 'yar kaɗan, ta gida da ta abokai. Shekarar da aka haifi Ergash, tsohon ya cika randa da giya, ya liƙe bakinta da yumɓu, ya binne ta a gindin wata tuffa cikin gona. Da ƙafa ta hana tsoho zuwa gona, gogan naku ya sare tuffar aka gasa gurasa da ita, wai daji ya yi nisa.

Sanyin bara na shigowa ciwo ya kwantar da Baba Holmat. Ya ƙi shayi, ya ƙi romo. Likita ya duba shi, ya ja Ergash waje ya ce a fara kiran dangi.

"Kai, malalaci," in ji tsoho da 'yar muryar da ta rage masa. "Tono mini sa'arka, giyar nan da na binne. Ba zan tafi ban ɗanɗana ta ba."

"A ina take, Baba?"

"Gindin tuffa mana. Tuffa nawa gare mu?"

Ergash ya fito gona. An riga an kwantar da kurangar inabi an rufe ta da ƙasa saboda ƙanƙara, kamar kowace shekara, gonar ta koma tudu-tudu, ko'ina iri ɗaya. Ya ɗauki shebur, abin da rabonsa da shi tun yana da gashi a ka. Ya haƙa nan, kuranga. Ya haƙa can, kuranga. Ƙasa ta daskare kamar ƙarfe, tafin hannunsa ya fashe, yana haƙa yana kuka majina har ƙirji. Ramukan da ya bari, wallahi raƙumi zai ɓuya a ciki.

Zulhumar ta biyo shi da gudu. "Baban yara, ka yaye wa kuranga bargo a wannan sanyi? Me za mu ci baɗi?"

"Ubana na mutuwa, ke kina zancen baɗi."

Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya yi dabara. Ya ɗebo giyar bana a kofin shayi ya kai wa tsoho. Baba Holmat ya shinshina kawai.

"Wannan jaririya ce, ko haƙori ba ta yi ba," ya ce, ya juya fuskarsa bango.

Ergash ya zauna a bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa, yana jin numfashin ubansa na sarƙewa. A nan ya faɗa wa matarsa gaskiya, bai san inda tuffar take ba.

Ta dube shi ta daɗe. "Wai kututturen da kake ɗaure jakinka kullum, na mene ne?"

Ko takalmi bai tsaya sakawa ba. Ya kori jaki, ya haƙa, shebur ya ce ƙwas a kan yumɓu.

Da aka fasa bakin randar, ƙamshi ya cika ɗaki, kamar busasshen inabi da ƙasar da ta sha ruwan fari. Giyar ta yi duhu, ja har ta doshi baƙi. Ergash ya tallafo kan ubansa. Tsoho ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido har muka ɗauka ya tafi. Can ya haɗiye.

"Ka ga sa'arka," ya ce. "Ta zauna wuri ɗaya ta zama wani abu. Kai ma wuri ɗayan ka zauna."

Ya ƙara kurɓa ɗaya. Sai idonsa ya faɗa kan hannun ɗan nasa, duk jini da laka.

"Inda ka tona, ka mayar wa kuranga ƙasarta?"

Ergash ya kau da kai.

"Tashi."

Ya tashi, ya wuni yana rufewa, amma ƙanƙara ta riga shi. Tsoho bai kai Juma'a ba. Da bazara rabin gonar bai toho ba.

Yanzu in ka bi ta gonar za ka gan shi duƙe yana dasa sabuwar kuranga, yana nishi kamar mai naƙuda. Ya dasa tuffa a gefen kututturen. Jakin kuma ya koma bayan gida.