Barba Naum, Mai Riƙe Sauti

Shekara arba'in da ɗaya ina maƙwabtaka da Barba Naum, katanga ɗaya ta raba mu a unguwar da ke gangarawa tafkin Kastoriya. Barba laƙabi ne da muke kiran dattijo da shi a nan, kamar a ce Baba. Ba zan yi masa ado don ya mutu ba. Gajere ne, mai rowar magana, kuma warin tafarnuwa ba ya barin bakinsa. Sana'arsa irin ta rabin mazan garin ce, harhaɗa guntayen fatu masu gashi da manyan maɗinka suka zubar har su zama riga. A kan wannan keken ɗinki ya ƙarar da idanunsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kansa yana cikin cocin unguwarmu, wadda aka gina tun sarakunan Rumawa suna mulki a Kustantiniya. Ƙarama ce, mutum sittin sun cika ta, shekarunta kuwa sun doshi dubu. Waƙar ibadarmu ba ta da kiɗa. Jagora ne ke rera kalmomin, yana hawa yana sauka, wani kuma yana tsaye a gefensa yana riƙe da sauti guda a ƙasa, ba kalma ba ƙawa, kamar tabarmar da waƙar ke zama a kai. Naum ya karɓi wannan aiki yana ɗan shekara sha tara. Ya yi shekara hamsin da biyu a kai, bai taɓa rera kalma ko ɗaya ba.

Matarsa Zisula ba ta raga masa. Idan ya dawo ranar Lahadi sai in jiyo ta ta katanga.

"Ga ƙudan zumana ya dawo! Mazan mutane suna waƙa, nawa yana gurnani."

"Ke kin yi maganar mutum biyu," in ji shi, "ni me ya rage mini?"

Da tsohon jagoranmu ya rasu, aka turo mana Stamatis daga birnin Tasalonika, ɗan shekara talatin, ya yi makarantar waƙa, kuma gaskiya yana da murya. Ya zo da wani ɗan akwati mai batir wanda ke fitar da sautin da Naum ke riƙewa, ba gajiya ba jan numfashi. Lahadin farko, bayan an tashi, ya tare tsohon a gabanmu.

"Barba, sautinka ya yi ƙasa. Kaɗan ne, amma ya yi ƙasa. Saurara ka ji."

Ya danna akwatin. Ko ni da ban san waƙa ba na ji bambancin, na akwatin ya ɗan ɗara.

"Haka aka ba ni," in ji Naum.

"Wanda ya ba ka shi ma tsufa ya kama shi. Ka huta, Barba, ka yi naka."

Naum ya ɗauki kwat ɗinsa. Daga ranar sai ya koma tsayawa a baya, kusa da teburin kyandir, inda makararru ke tsayawa. Lahadi bakwai ya yi a can. Zisula ta daina tsokanarsa, ta ce mini yana zama gaban keke tun safe ba ya ɗinka komai, miya ma sai ta yi sanyi a gabansa.

Waƙar Stamatis da akwatinsa ba ta da kuskure, amma iyakarta saman kawunanmu, ba ta tashi. Shi kansa ya lura, don kullum yana ƙara ƙarfi, yana fita da dasasshiyar murya.

Ranar Larabar makon Ista da rana, ni da Zisula muna goge fitilun tagulla da lemon tsami da toka, Naum ya kawo mana tsani. Stamatis yana gwaji shi kaɗai da akwatinsa. Can sai ya rufe littafin da ƙarfi.

"Wace irin coci ce wannan? Tana shanye murya kamar bargo!"

"Tambayi ƙudan zuma mana," in ji Zisula, ko kai ba ta ɗaga ba.

Naum ya jingine tsanin. "Kashe abin nan, ɗana. Sa tafinka a bango. Ke ma, Evlambiya," ya ce da ni, "tunda kunnenki ya fi na kowa tsawo."

Na sa. Naum ya tsaya inda ya saba, ya saki sautinsa. Da farko muryar tsoho ce kawai. Sai na ji dutsen ya fara rawa a tafina, a hankali, kamar na dafa ƙirjin mai rai. Sautin ya hau, ya zagaya cikin ƙubba, ya sauko mana ya fi wanda ya tashi kauri, har ka rantse maza goma ne a sama. Waliyyan da ke zane a bango, waɗanda hayaƙi ya baƙanta fuskokinsu, a ranar na daina yi musu kallon fenti.

Da ya yi shiru, ginin bai yi shiru tare da shi ba, sai da ya ɗan jima.

Naum ya nuna wasu ƙananan ramuka a gindin ƙubbar. Shekara talatin ina share musu yanar gizo, ina zaton gurbin katakon magina ne.

"Bakunan tuluna ne," ya ce. "Magina suka binne su a bango. Ba ni na zaɓi sautin ba, ɗana, nasu ne. Wanda ya koya mini a bangon nan ya sa hannuna, shi ma haka aka yi masa, har a kai ga waɗanda suka kwaɓa ƙasar."

Daga baya na ji masana suna gardama kan amfanin tulunan. Su yi ta yi. Ni hannuna yana kan bangon.

Washegari da safe, coci ta cika, Stamatis ya sauko ya ratsa mutane har teburin kyandir, ya kama hannun rigar tsohon.

"Barba, zo ka ba ni sautin."

"Akwatin fa?"

"Ya bari sai ya yi shekara dubu tukuna."

Naum ya ƙara shekara huɗu a wurinsa. A cikinsu ya kama maza biyu, wani mai gasa burodi da wani masunci, ya dinga tsayar da su tafi a bango duk Asabar har suka gano sautin. Su suka riƙe masa ranar jana'izarsa. Masuncin ya iya. Mai burodin har yau yana ɗan hawa, kuma ina gaya masa.