Allon da Iya ta Wanke

Har yau idan taya ta faɗa rami sai na damƙe ƙarfen gabana da hannu biyu, ko da a adaidaita ne daga Yalwawa zuwa kasuwa. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka wata jaruma ce ke ba shi labari. Tsoron yana nan, tare muke fita, tare muke dawowa.

Da na gama sakandare duk darussa na haye, Turanci kaɗai ya riƙe min ƙafa. Sai aka ce akwai karatun share fage a Kafin Hausa, amma sai mutum ya zauna gwajin Turanci kafin a ɗauke shi. Na je na ba da sunana, aka faɗa mana ranar gwaji. A hanyar dawowa Dutse tayar gaban bas ɗinmu ta fashe. Lokacin gero ya fitar da kai. Abin da na fi tunawa shi ne na ga karan gero ta taga a wurin da ya kamata in ga sararin sama. Matar da ke gefena, wadda ta zuba min dafaffiyar gyaɗa a tafin hannu tun muna tasha, ba ta tashi ba. Da mayafinta aka lulluɓe ta. Ni na fito da karaya a tsintsiyar hannun dama. Jakata da littattafaina da wayata kuwa ban sake ganinsu ba.

Mahaifina, Baffa muke ce masa, malamin allo ne, zauren gidanmu kuma shi ne makarantar yaran unguwa. Bai taɓa hana ni boko ba, shi ya kai ni firamare da ƙafarsa. Amma ranar da mai ɗori ya gama ɗaure min hannu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Bana dai a haƙura da Kafin Hausan nan.” A lokacin ko ƙarar mota na ji a titi sai in firgita, don haka har wani sanyi na ji da maganarsa.

Aka mayar da ni ɗakin Iya, kakata ta wajen uba, saboda ina firgita a barci. Iya a ruga aka haife ta, ta yi yawo da shanu kafin a zauna a gari, yanzu kuma yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta ga duhun mutum ta gane shi da murya. Ƙanwar Baffa ma, Goggo, ta zo daga Aujara yi min barka da arziki, ta kwance ƙunshinta ta zauna.

Zaman ne ya fara isata kafin komai. Ba littafi, ba waya, sai kallon rufin ɗaki da jin ’yan dubiya suna maimaita labarina kamar ba na wurin. Na gwada biro da hagu, ya ƙi, sai zamewa yake. Sai na tuna tsohon allona na yarinta, wanda gefensa ya tsage, yana rataye a ɗakin ajiya. Na ɗauko shi, na ɗebo tawada a zaure lokacin da Baffa ya tafi masallaci, da alƙalamin kara guda. Alƙalamin kara ba ya gudu, ga allo da faɗi, hagun ta samu wurin sakewa.

Kalmar da na zaɓa ita ce “go”, wato tafiya. Malamarmu ta Turanci takan ce ita ce mai taurin kan aji: sauran kalmomi ana liƙa musu jela su koma jiya, ita kuwa sai ta sauya kamanni gaba ɗaya ta zama “went”, kamar wadda ta yi ƙaura ta sake dangi. Kullum da hantsi nakan jera su da manyan baƙaƙe karkatattu: “I go, I am going, I went, I have gone, I had gone.” Ina tafiya, na tafi, na riga na tafi. Duk waɗannan hannuna yana rubuta su lafiya. Da na zo kan ta gobe, wadda ke cewa zan tafi, sai in ga geron nan ta taga, alƙalami ya tsaya cak, tawada ta ɗiga. Sai in goge allon da jiƙaƙƙen tsumma in tura shi bayan randa. Na san Baffa ba zai so ganin boko a kan allo ba.

Ana saura ’yan kwanaki gwajin, ina ɗaki na ji Goggo a tsakar gida tana gaya wa wata maƙwabciya, “Ai hanya ta yi mata magana. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Allah ya nuna mata iyakarta, sai ta zauna ta koyi ɗinki kamar kowa.”

Iyakata! Na jawo allon, na tsoma alƙalami sosai, na jera su tun daga farko, a ƙasa kuma na rubuta “I will go” da baƙaƙe masu kauri, na sake bi ta kansu har tawada ta yi tudu. A ranar ban goge ba. Na jingine shi a bayan randa ya bushe.

Ashe a wannan yammacin Baffa ya zauna ya yi min rubutun sha na firgita. Ya kawo allonsa ya jingine a gefen randar nan, ya ce wa Iya ta wanke min da safe kafin in ci komai.

Da safe na dawo daga alwala na tarar Iya ta riƙe ƙoƙo. “Zo nan, ja’ira. Yi bismilla ki shanye, ubanki ya yi miki. Kada ki rage ko ɗigo, na san halinki.” Na yi bismilla na kafa kai. Ɗanɗanon da na sani ne tun ina yarinya, gawayi da ɗan bauri na ƙaro, sai dai ya fi kauri. Iya ta shafa min ragowar a fuska tana addu’a.

Bayan yara sun tashi karatun safe Baffa ya shigo gaishe da Iya. Idonsa ya faɗa kan allonsa, rubutu cike, ko ruwa bai taɓa shi ba.

“Iya, ba a ba ta ba ne?”

“An ba ta mana. Ni na wanke da hannuna, tas.”

“Wanne kika wanke?”

Iya ta laluba ta ɗago allona, jiƙe, fes, da tsagar nan a gefensa. Baffa ya karɓa ya juya shi. Ya gane shi, shi ya saya min. Goggo ta leƙo da tsintsiya a hannu.

“Me ke rubuce a nan?” ya tambaye ni.

“Turanci ne, Baffa.”

Goggo ta saki tsintsiya. “Innalillahi! Turanci aka ɗura wa yarinya da sassafe? A kawo manja ta amayar!”

Iya kuwa dariya ta kama har tana riƙe ciki. “Shi ya sa! Ina wankewa ina cewa yau ɗan nan ya cika tawada. Ashe na Nasara na dama miki, Baturiya.”

Baffa bai yi dariya ba. “Allon da kika koyi Fatiha a kansa?”

Na ce, “A kansa kuka koya min riƙe alƙalami, Baffa. Da hannuna ya ƙi biro, shi na tuna.”

Can ya ce, “Karanto min abin da kika sha.”

Na karanto masa, ina faɗa da Turanci ina mayarwa da Hausa, tun daga ina tafiya har na riga na tafi. Da na zo ta ƙarshe na faɗe ta ita ma. Ban taɓa furta ta da baki ba tun ranar haɗarin. Daga nan ban tsaya ba, don na san in na tsaya shi ke nan.

“Baffa, ina so ku bar ni in je gwajin nan.”

“Ji min yarinya!” in ji Goggo. “Ke da ko ƙarar babur ba kya iya ji? Hanya ta gargaɗe ki, me kuma kike nema?”

“Goggo, matar da ta rasu kusa da ni ba makaranta ta je ba. Kayan miya ta sayo za ta kai gida. Ita wane gargaɗi aka yi mata? Kwananta ne ya ƙare, nawa bai ƙare ba. Baffa ne ya karantar da mu cewa ajali ko a kan tabarma yana samun mutum.” Ina magana hawaye na zuba. “Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji. Amma in na zauna bana, baɗi ma zama zan yi, na san kaina.”

Iya ta share idonta da bakin zani. “Kai, malam,” ta ce wa Baffa, don haka take kiransa in za ta yi masa faɗa. “Shekarar da ruwa ya ci mana saniya a mashigi, kana goye a bayana, washegari ta nan muka bi da sauran garken. Da mun tsaya jiran tsoro ya wuce, da yanzu kana can gaɓar kogi kana koyar da kwaɗi. Kuma abin da ya shiga ciki ai ba ya wankuwa. Ni na ba ta, sai ka yi ƙarata.”

Baffa ya sa allona a hammata ya fita, bai ce e ba, bai ce a’a ba. Goggo ta bi shi da ido ta ce to, ita dai ta faɗa. Wunin ranar ban iya cin abinci ba. Da la’asar ya dawo da wani farin falanki da ya karɓo wurin kafinta, ya ajiye a gabana tare da tawada. “Bokonki a nan. Allo na Alƙur’ani ne, kada in ƙara gani.” Na ce to. Ya juya zai fita, sannan ya tsaya. “Ƙarfe nawa motar farko take tashi?”

Ranar gwajin shi ya wanke allonsa da kansa, bai yarda da Iya ba, ya zuba min a gora. Ya raka ni tasha, ya zagaya bas ɗin yana danna kowace taya da babban yatsa, har direba ya ce, “Allah gafarta malam, sababbi ne fa.” Baffa ya ce, “Na ji. Ka dai tafi a hankali, ’yata ce a ciki.” Kwandasta ya nuna min kujerar gefen taga. Na so in ce a sauya min, sai na cije na zauna.

Da muka kusa wurin na gane shi tun daga nesa, geron gonar har lokacin yana kwance a inda motar ta bi ta kansa. Na sha rubutun Baffa, na yi ta hasbunallahu, gumi ya jiƙa min hijabi. Ban rufe ido ba. Na kalli gonar har ta wuce ta koma bayanmu, na yi wa mai gyaɗa addu’a. A Kafin Hausa na sauka, da hagu kuma na rubuta gwajin, baƙaƙe manya kamar na kan allo.

Da na dawo, tun daga zaure Iya ta ji takuna.

“Baturiya ce? To gaya min gaskiya, nawa ne ya yi aiki ko na ubanki?”

Baffa yana zaune a kan buzunsa yana fiƙe alƙalami. Bai ɗago ba, amma na ga gemunsa yana motsi.