Birkin Kamyon Agaji

A shekara ta biyu da damina ta juya mana baya ina da aikin yi, abin da ya sa ƴan ƙauyenmu suke kallona kamar na haɗa baki da farin. Ƙauyen namu yana kusa da Cadakori. Kakanninmu da raƙuma suka gangaro daga arewa, suka gaji da yawo suka kama hauya, a kan cewa gona ba ta gudu ta bar mai ita. Gonar kam ba ta gudu ba. Tana nan inda take, geron cikinta bai kai gwiwa ba ya bushe a tsaye.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya koya mini tuƙi. Tun ban yi wayo ba yake jan manyan motoci, bai taɓa take ko kaza ba. Da aka buɗe wani buro, wato ofishin rabon hatsin taimako, aka nemi direbobi, ya riƙo hannuna ya kai ni, aka ɗauke mu tare.

Manyan motocin kayan da aka ba mu, waɗanda muke kira kamyo, sababbi ne fil, farare tas, kyautar wata ƙasa ta bayan teku. Ranar da suka iso an yi jawabai har rana ta take. An kwaso ƴan lakol, wato ƴan makarantar boko, ba ko koko a cikinsu, aka sa su suna ta tafa hannu. Shugaban buron, wanda kowa ke kira Mushe kamar yadda ake kiran duk mai faransanci da takalmi sau-ciki, ya shaida mana cewa waɗannan motoci ba su san lalacewa ba, in an ga matsala to a duba direba. A shekarar nan mushe iri biyu muke da shi. Akwai na bakin hanya, wanda angulu ma suka gaji da shi, akwai kuma na buro. Na bakin hanya bai taɓa sallamar kowa daga aiki ba.

Birkin motocin na iska ne. Kana takawa ka ji fuuus, motar ta tsaya cak kamar an ja mata linzami. Mun ji daɗinsa ƙwarai, har muna taka shi a tasha ba gaira ba dalili, don mata masu tuwo su waiwayo.

Ana cikin tsakiyar zafin bazara aka tura Kawu Gidan Rumji da lodin dawa. A gangaren da ke sauka gulbi ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, motar ta ci gaba da abinta. A gabansa kuwa ga ayarin makiyaya da fari ya koro daga arewa, mata da tsofaffi da ƴan jakunan da suka rage musu, sun cika hanya. Ya danna oda, amma mai yunwa ba ya tsalle. Sai ya murɗa sitiyari ya nufi wani gawo. Gawon bai ji komai ba. Gaban motar ya shige ciki, ƙafar Kawu ta karye a wuri biyu, ba wanda ya mutu.

Yana kwance da karan ɗori Mushe ya zo bincike. Ina wurin, a tsugune bakin ƙofa.

"Birki ne ya ƙi, Mushe," in ji Kawu. "Na taka, iska ta gudu."

"Malam direba, motar nan daga Turai ta zo. Ka san ko injiniya nawa suka duba ta?"

"Ban sani ba. Ni dai ban ga ko ɗaya a gangaren ba."

Wannan amsa ce ta ƙarasa shi. Aka yanke cewa gyangyaɗi ya yi, aka sallame shi, mu kuma aka tara mu aka yi mana huɗuba a kan illar barci a bakin aiki.

Ba a jima ba na ɗauko jar dawa daga Maradi zan kai Gazawa. Ina shiga Agiye jandarma ya ɗaga mini hannu, na taka birki, ya kama lafiya lau. Ya ce in gangara gindin bishiyar bedi da ke gefen kasuwa in kashe mota in ba shi makulli. Na tambayi laifina, ya ce shi ma bai sani ba, an dai ce duk inda aka ga farin kamyo a tsayar da shi.

Kashegari Mushe ya iso da wani anasara ja jawur, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ma'aikacin kamfanin da ya ƙera motocin ne. Yana faransanci Mushe na juya mini. Ashe akwai wani ɗan ƙarfe a hanyar iskar birkin da ke tsagewa idan ya sha zafi. Sun gano haka ne a can ƙasarsu, inda zafin bai kai na ruwan randa ba, bayan motoci sun shiga shagunan mutane. Saboda haka kamfani, don tsananin ƙaunar da yake wa rayukan jama'a, ya ce kowace mota ta tsaya inda take har a aiko da sabon ƙarfe.

"Yaushe zai zo?" na tambaya.

Anasaran ya ɗaga kafaɗa. Mushe ya fassara mini kafaɗar da cewa nan ba da jimawa ba.

"To dawar fa, Mushe? A sauke ta nan mana. Agiye ma yunwa suke ji."

"Dawar Gazawa ce. Ba a sauke ta sai a mangazar Gazawa, inda ake ajiyar hatsi."

"To in lallaɓa in kai ta a hankali. Hanyar nan shimfiɗe take kamar tabarma."

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai yi lakol ba. "Kana so ka kashe mutane ke nan?"

Haka na zama maigadi. Birkin da ya kasa tsayar da mota a gangaren gulbi ya tsayar da abincin gari guda a fili, ba tare da an ko taka shi ba. Na shimfiɗa tabarma a inuwar motar, aka ƙara mini jandarma ɗaya mai bindiga, don kada masu yunwa su cuci kansu da satar abin da aka aiko musu.

Mutane suka fara zuwa kallo. Ba sa roƙo, ba sa hayaniya, sai su zauna nesa kaɗan su zuba wa tamfol ido. Warin dawa da ta sha rana yana fita, iska na kai musu. Kowace safiya wata tsohuwa takan zo da tsintsiya da faifai, ta share ƙarƙashin motar, ta sheƙe rairayin ta tsince ƴan ƙwayoyin da suka zubo ta kafar katako. Wata rana ta ɗago ta dube ni.

"Ɗana, motar ce ba ta da lafiya, ko dawar?"

"Motar ce, Inna."

"To Allah ya ba ta lafiya. Dawar tana jinyarta ke nan."

Na yi dariya. Daga nan na koyi jingina da buhun da ke bakin ƙofa da ɗan ƙarfi, ta wajen da ɗinkinsa ya saki. Jandarman kuma ya koyi duban gabas a daidai lokacin.

Labari ya kai Gazawa cewa abincinsu yana Agiye yana hutawa. Wasu suka tako da ƙafa su gani da idonsu. A cikinsu akwai wata mata da goyo. Ta zauna a inuwar tayar baya ta kwance goyon, na ga yaron bai fi tafin hannuna biyu ba, ko kuka ba ya yi. Ta tambaye ni ko gaskiya ne sunan garinsu ne a kan kayan. Na ce gaskiya ne. Ta ce to alhamdulillahi, tunda ba a manta da su ba. Da la'asar ta mayar da goyon ta kama hanya. Ban sake ganinta ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambayar labarin yaron ba.

Ranar kasuwar Agiye sai ga wani Alhaji ɗan Gazawa, mai fatauci tsakanin nan da Katsina. Yana da wata tsohuwar mota mai bodin katako, wadda ta girme ni. Birkinta ya mutu tun ana ruwa. Abin da ke tsayar da ita gungumen kirya ne, wanda wasu ƙarti biyu ke dirowa su cusa a gaban taya in an zo tsayawa. Ba kamfanin da ya taɓa aiko wa Alhaji da saƙo a kanta, saboda haka a idon hukuma lafiyarta ƙalau.

Ya yi sa'a Mushe ya zo zagaye ranar. Alhaji ya gaishe shi har da cire hula, ya ce a juye dawar a motarsa ya kai kyauta. Mushe ya ce ba a sauke kaya sai a mangaza. Alhaji ya tauna goro, ya ce:

"Ranka ya daɗe, shi anasaran cewa ya yi kada a tuƙa ta?"

"Haka ya ce."

"Ya ce kada a ja ta?"

Mushe ya daɗe yana duban sama. Ya ce a gaskiya ba a ambaci ja ba. Ya ƙara da cewa sharaɗi ɗaya ne, kada a tada injin, don in an tada ya zama tuƙi. Yana gama faɗa ya tuna ana jiransa a Maradi, ya shiga motarsa tun kafin a ɗauko sarƙa.

In ba a tada inji ba babu iska, in babu iska birkin da a da yake kamawa yau ya ƙi gobe ya zama babu shi sam. Haka aka ɗaure motar da ba ta da birki a bayan motar da ba ta da birki, domin kiyaye lafiyar jama'a. Na zauna a sitiyari ina karanta duk abin da na haddace tun ina ƙarami.

Tafiyar ba ta da sauri. Wani mai jaki ya wuce mu, ya yi mana sannu da aiki, ya tsaya ya yi sallar azahar, ya sake wuce mu. Mutanen Gazawa da suka zo kallo suka biyo mu a ƙafa, in mun shiga rairayi su tura, in mun fita su huta. Kafin mu kai gari ayarin ya yi tsawon da ban iya ganin ƙarshensa a madubi.

A ƙofar mangaza ƙartin nan suka diro suka cusa gungumensu, motar Alhaji ta tsaya cak. Ba wanda ya tuna cewa ni ba ni da gungume. Na taka birki don sabo, na ƙwala salati, farin kamyon ya shige bayan ta Alhaji da ƙarfin lodinsa. Katako ya tarwatse, fitilata ta fashe, buhunan sama suka zubo ƙasa suka yage. Mai kula da mangaza ya fito yana ihu a bi layi, a bi layi. Mata sun riga sun kwance kallabi sun durƙusa. Ban taɓa ganin rabon da ya tafi da sauri haka ba, kuma ban ji wanda ya ce an zalunce shi ba. Alhaji ya zagaya bayan motarsa ya duba ɓarnar, ya ce dama katakon ya tsufa.

Da na koma buro na sa rigata mai kyau na shiga wurin Mushe a kan maganar Kawu. Na ce tunda kamfani da bakinsa ya amsa laifin birki, a wanke shi a mayar da shi aiki, ko da gadin gareji ne.

"Ka fahimci abin da kyau," in ji Mushe. "Lokacin da kawunka ya yi hatsari, kamfani bai riga ya sanar da lahanin ba. Ke nan a lokacin birkin lafiyarsa lau."

Anasaran kuwa ya je har gindin gawon. Ya ɗauki hoton motar ta kowane ɓangare, ya kwance ɗan ƙarfen da ya tsage, ya naɗe shi a farin ƙyalle kamar jariri ya tafi da shi Turai. Bai tambayi wanda ke cikin motar ba.

Sababbin ƙarafan sun iso tare da ruwan farko na daminar da ta biyo. Aka ɗaura mana su, aka sake yin jawabi. A makon ne hanyoyin ƙauye suka jiƙe, motocin suka riƙa kafewa a laka har gindi, ba mai bukatar birki.

Na sami hutu na tafi gida. Na iske Kawu a gona bayan ruwan safe, yana ɗingishi da sungumi a hannu, yana sara rami a jere. Ƙafar ta ɗoru a karkace. Na tsuguna na gaishe shi, na kwashe yadda muka yi da Mushe na faɗa masa, ina jiran ya yi zagi in taya shi. Ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Ashe da na jinkirta hatsarin kaɗan da na yi gaskiya," ya ce.

"Kawu, ba za ka je ka yi magana da kanka ba?"

"In je in bar laimar nan ta bushe? Kai dai cire takalman birnin nan. Ga ƙwaryar iri can gindin kalgo, ka biyo bayana, kuma kada ka zuba da yawa."

Na cire takalma na ɗauki ƙwaryar. Muka yi shuka har rana ta yi zafi.